Ina Kwana a Sheme: Shawarwarin Kiwon Lafiya ga Wanda Bai Runtsa Ba

Gaisuwar Bahaushe ta safe tambaya ce a kan dare. Yakan ce ina kwana, a amsa masa da lafiya lau, sannan a gangara kan gajiya da iyali da sanyi ko zafi. A mafi yawan ƙasar Hausa amsar takan riga tambayar ƙarewa, domin al'ada ce ake cikawa. A Sheme kuwa, garin da ke ƙaramar hukumar Faskari a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, daidai inda hanyar Ƙanƙara ta ɓullo, an shafe shekaru ana yin wannan tambaya da gaske. Mai gaisuwa yana son ya ji ko a ɗaki aka kwana ko a cikin gonar dawa, ko an ji ƙarar bindiga, ko kowa ya wayi gari a gidansa.

Harsuna da dama sun ware kalma ɗaya ga ƙoshin jiki, wata kuma ga rashin tashin hankali. Hausa ta haɗa su a kalma guda: wanda ya tashi daga jinya ya sami lafiya, garin da ba a yaƙi yana zaman lafiya. Wannan haɗi ba raunin harshe ba ne, fahimta ce da likitancin zamani ya zo ya tarar. Shi ya sa shawarwarin kiwon lafiya na yau da kullum, waɗanda ake ji a rediyo ake kuma turawa ta WhatsApp da Facebook, suke sauka a kunnen mutumin Sheme ko Daudawa ko Sabuwa kamar rigar da aka ɗinka wa wani. A yi barcin awa takwas, a guji damuwa, a fita sassarfa da sassafe, a ci tuffa da inabi. Babu ƙarya a ciki. Sai dai duk an auna su ne da jikin mutumin da ke kulle ƙofarsa da dare ya tabbata da safe zai same ta yadda ya bar ta. Wanda ba ya da wannan tabbaci yana buƙatar shawara ko fiye da kowa, amma wadda aka yanka daidai da halinsa, kuma wadda ta fara daga barci da kwanciyar rai kafin ta kai ga tuffa.

Halin nan ba ɓoyayye ba ne. A ranar 9 ga Yuni, 2020, 'yan bindiga sun kashe gomman mutane a Kadisau ta ƙaramar hukumar Faskari, kuma a wannan shekara makarantun firamare a Faskari da Ɗandume sun zama masaukin waɗanda suka baro ƙauyukansu. A daren 11 ga Disamba aka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta ce su zagaya ta Funtuwa, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Matakan tsaro ne, amma ga mai naƙuda da tsakar dare ma'anarsu ita ce babu waya, babu mota. A 2025 an yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomin jihar, har da Faskari. Ko da sulhu ya ɗore, jikin da ya yi shekaru yana zabura ba ya jin labarin yarjejeniya rana ɗaya.

Dalilin haka yana cikin halittar ɗan Adam. Idan mutum ya ji abin tsoro, jikinsa yakan saki sinadarai, musamman adiranalin da kotisol, waɗanda ke sa zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, sukari ya ƙaru a cikin jini, barci ya gudu. An yi wannan tsari ne domin gudun ceton rai na ɗan lokaci, bayan haka komai ya koma mazauninsa. Matsala takan faru idan abin tsoron ya zama na kullum, ko ya wuce amma ƙwaƙwalwa ta ci gaba da jiran dawowarsa. A nan ne magidanci zai fara kukan ciwon kai da ba ya jin magani, da faɗuwar gaba idan babur ya wuce, da saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a mujallar Lancet a 2019 ya nuna kusan mutum 1 cikin 5 na mazauna wuraren da rikici ya shafa yana fama da wata larura ta rai, daga matsananciyar damuwa zuwa firgicin da ke biyo bayan masifa. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan gida mai mutum goma, lissafin ba ya buƙatar malami.

Saboda haka barci ne ya kamata ya zo a gaba, kuma a nan ne shawarar da aka saba ji ta fi gazawa. Masana sun yarda cewa baligi yana buƙatar aƙalla awa bakwai, kuma rashin samunsu na tsawon lokaci yana da alaƙa da hawan jini da ciwon sukari da raunin tunani. Amma gaya wa mutumin da ke gadin unguwarsa ya yi barcin awa bakwai tamkar gaya wa mai jin yunwa ya ƙoshi ne. Barci a irin wannan wuri ya daina zama sha'anin mutum ɗaya, ya zama kaso da unguwa za ta raba. Inda matasa ke sintiri, abin da ya fi kowace ƙwaya amfani shi ne jadawali mai adalci, wanda ba ya bari mutum ɗaya ya yi dare biyu ko uku a jere, wanda kuma ya ba mai gadin jiya uzurin fita gona da hantsi maimakon asuba ba tare da an kira shi rago ba. Wanda ya san akwai amintacce a farke yakan iya sakin jiki ya yi barci mai nauyi, ko da na awa huɗu ne, kuma wannan ya fi dare guda na gyangyaɗi da zabura. Mai unguwa da limami da shugaban matasa ne ke iya tsara wannan, likita ba ya iyawa.

Sai ƙailula, wadda Bahaushe ya gada daga addini da kuma yanayin ƙasarsa, amma zamani ya fara mayar da ita abin kunya. Kwanciyar minti 20 zuwa 30 da rana tana dawo da wani ɓangare na kuzari da natsuwa ga wanda dare ya cuta, muddin ba a ja ta zuwa la'asar sakaliya ba, domin a lokacin takan cinye barcin daren da ke tafe. Haka kuma sinadarin hana barci da ke cikin goro da shayi da kofi da lemon ƙara kuzari yakan yi awanni a jiki kafin rabinsa ya fita. Wanda ba shi ne da gadi ba yau, amma ya zauna teburin mai shayi bayan isha'i ya sha mai kauri, ya sayar da daren hutunsa da kuɗinsa.

Mafi haɗari shi ne abin da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba. Matashi yakan nemi tiramadol don ya jure dare ya kuma kashe tsoro, dattijo ko matar aure kuma su nemi ƙwayar sa barci irin diyazafam don su sami runtsawa. Dukansu biyu suna kama jiki. Bayan 'yan makonni adadin jiya ba ya isa yau, kuma ranar da aka rasa, rashin barcin da fargabar sukan dawo fiye da da. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi da hukumomin Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya a ƙasar, kuma a wannan shekara ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Wa'azi a kan shaye-shaye ya yawaita, amma kaɗan ne daga cikinsa ke tambayar abin da ya kai yaron gaban mai kemis tun farko. Sau da yawa dare ne.

Akwai kuma wayar hannu. Bidiyon gawarwaki da muryoyin waɗanda ake tsare da su a daji suna yawo daga waya zuwa waya, ana kallonsu a kan shimfiɗa, wani lokaci yara na leƙe ta kafaɗa. Sanin halin da hanya ke ciki wajibi ne ga mai tafiya kasuwar 'Yankara ko Ɗandume. Kallon hoton jini sau goma kuwa ba ya ƙara wa kowa tsaro, sake tayar da sinadaran nan kawai yake yi a lokacin da ake son su kwanta. Mai turawa yana ganin taimako ya yi.

Daga barci sai hawan jini, domin tagwaye ne. Wannan cuta ba ta cika nuna alama ba, har sai ta kai ga shanyewar ɓarin jiki, wadda har yanzu a ƙauyuka da yawa ake jingina wa iska ko sammu. Hanya ɗaya ta ganinta ita ce awo, kuma idan awo ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko sama a lokuta daban-daban, to magana ta zama ta asibiti. Na'urar awon ƙarama ce, da batir take aiki, kuma duk wanda ya iya karanta lamba zai iya koyon amfani da ita cikin yini guda. Ƙungiyar gari da ke iya tara kuɗin lasifikar masallaci tana iya ajiye guda ɗaya a hannun ma'aikacin lafiya ranar kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi ke ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano da yajin tsire da taliyar leda. Uwargidan da ta rage dunƙule ta ƙara daddawa da albasa da citta ta yi wa maigida maganin da ba a saya ba. Wanda kuma aka riga aka ɗora a kan magani, babban kuskurensa shi ne ajiye shi ranar da ya ji sauƙi, ko ranar da hanya ta rufe. Ajiyar kwana goma a gefe, ga mazaunin wannan yanki, tana cikin maganin.

Maganar sauro gajeriya ce, don kowa ya san ta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne gidan sauron da aka rataye a ɗaki ba ya kare yaron da ya kwana a jeji ko a barandar makaranta, don haka wurinsa yana cikin ƙunshin da ake ɗauka idan an fita. Jihar Katsina na cikin wuraren da aka fara gwada rigakafin zazzaɓin damina a Nijeriya a 2013, inda ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 magani duk wata a lokacin ruwa. Kowane zagaye na kwana uku ne, kuma uwar da ta ba da na ranar farko ta ajiye sauran ta rage ƙarfin kariyar. Haka ruwan sha: a annobar kwalara ta 2021 an sami fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a faɗin ƙasar, fiye da 3,000 suka rasu. Ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa sun isa su riƙe ran mai gudawa har a kai shi asibiti, ko da sai gari ya waye za a iya fita.

Batun abinci da motsa jiki shi ne inda shawarar birni ta fi ba da dariya. Manomin da ya yini yana huɗa ba ya bin kowa bashin minti 150 na motsa jiki a mako. Wanda ke buƙatar wannan tunatarwa shi ne wanda aka raba da gonarsa, ya koma zaman benci a Funtuwa ko Faskari daga hantsi zuwa magariba, jiki ya mutu, tunani ya yi yawa. A gare shi tafiya a ƙasa zuwa masallaci mai nisa, ko kama wata sana'ar hannu komai ƙanƙantarta, magani ne na jiki da na rai a lokaci guda. Abinci mai gina jiki kuwa yana nan a bayan ɗaki: zogale da rama da yakuwa da kuka, ga wake da gyaɗa da waken suya da ƙasar nan ke nomawa. Kunun gero da aka haɗa da garin waken suya da gyaɗa ya fi wa yaron da aka yaye amfani a kan biskit da lemon leda. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a jihar da ƙungiyar likitoci na gari na kowa ta MSF ta ce yara 652 sun rasu saboda tamowa a cibiyoyinta cikin wata shidan farko na 2025. Akwai kuma camfin cewa firgita tana busar da nono ko ta ɓata shi. Abin da aka sani shi ne tashin hankali yana iya jinkirta zubowarsa na ɗan lokaci, amma ci gaba da ba jariri shi ne ke dawo da shi, kuma sauya shi da ruwa ko koko kafin wata shida shi ne ƙofar gudawa.

Yara ma suna ɗauke da nasu kason, sai dai ba su da bakin faɗa. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi, ko yake firgita cikin barci, ko ya maƙale wa uwarsa, ko ya yi shiru bayan da surutu ne da shi, ba iskanci yake yi ba, kuma bulala ba ta warkar da shi. Abin da ke taimakonsa shi ne abubuwan da ya saba su ci gaba a kan lokacinsu, makarantar allo da wasan dandali da tatsuniya, da kuma babban da zai amsa tambayarsa da gaskiya daidai hankalinsa.

Nan ne aka iso wurin da masana harshe ke da aiki. Hausar yau da kullum tana da hauka da taɓin hankali a gefe ɗaya, tana da damuwa da ɓacin rai a ɗaya gefen, tsakaninsu kuma akwai fili mai faɗi da ba a raɗa wa suna ba. Mutumin da ya ga an kashe ɗan'uwansa, wata shida ke nan ba ya barci, ba ya jin daɗin abinci, ya daina zuwa ɗaurin aure, ba mahaukaci ba ne, kuma abin da ke damunsa ya wuce ɓacin rai. Da yake ba shi da sunan da zai kira shi ba tare da an yi masa kallon mai taɓi ba, sai ya kira shi ciwon kai ko olsa ko taifot, a yi ta ɗura masa ruwa da allura. Idan ya kuskura ya buɗe baki, amsar da ke jiransa ita ce ya yi haƙuri. Haƙuri ginshiƙi ne, kuma shi ya riƙe mutanen wannan yanki a tsaye. Amma akwai haƙurin da ake faɗa wa mutum bayan an saurare shi, akwai wanda ake faɗa don a rufe masa baki, kuma mai ciwo yana bambance su.

Abin da aka yi a Zimbabuwe ya cancanci dubawa. A 2006 likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya fara wani shiri a Harare, inda aka horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, su saurari masu damuwa, su taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya a zama kamar shida. Ba su yi amfani da sunayen cututtuka na Turai ba. Sun ɗauki kalmar harshen Shona, kufungisisa, wadda ke nufin yawan tunani. Sakamakon gwajin da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi ƙwarai a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Bahaushe ma yana cewa tunani ya yi wa wane yawa, kuma ba a jin kunyar faɗin haka. Benci kuwa ba baƙo ba ne: ga majalisar ƙofar gida, ga zauren malam, ga ungozoma da malamar Islamiyya da mata ke kai wa kukansu. Abin da ya rage shi ne horo kaɗan a kan sauraro ba tare da yanke hukunci ba, da riƙe sirri, da sanin lokacin da magana ta fi ƙarfin benci. Sassan Hausa na jami'o'in Katsina da Dutsinma da Zariya, idan suka zauna da ma'aikatan lafiya, su ne suka fi cancanta su tattara kalmomin da mutane ke amfani da su a zahiri, su tace su, su miƙa wa gidajen rediyo.

Mai suka zai ce duk wannan lallashi ne, kuma koya wa mutane yadda za su jure rashin tsaro sauke wa gwamnati nauyi ne. Akwai gaskiya a nan. Babu jadawalin gadi ko ƙailular da za ta maye gurbin hanyar da ake bi ba fargaba, kuma duk shawarar da ta mayar da laifin ciwon kan mai ciwon zalunci ce. Amma jinin magidancin Sabuwa ba zai jira ranar da za a gama da daji ba kafin ya hau, kuma yaron da aka haifa a shekarar Kadisau ya riga ya kai shekarun shiga makaranta. Neman haƙƙi ma yana buƙatar mai lafiyar da zai nema.

Akwai iyakar da shawarar gida ba ta tsallakewa. Wanda ya fara jin muryoyin da babu su, ko ya yi kwanaki ba ci ba sha, ko mai jegon da ta juya wa jaririnta baya, ko wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, asibiti yake buƙata, ba mari ko ɗaki mai kwaɗo ba. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince cewa mai wannan larura yana da haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba, kuma manyan asibitocin tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato tafiya ce mai tsada ga mutumin Sheme, shi ya sa matakin farko shi ne ma'aikacin asibitin da ya fi kusa, wanda zai tura gaba. Kafin a sami mota, wanda ya ambaci mutuwa ba a barinsa shi kaɗai, ba a kuma yi masa faɗa. A gidan manomi abu na farko da ake yi shi ne a kwashe maganin feshi da na ɓera daga ɗaki da rumbu, a kulle su a gidan maƙwabci.